Baba Rufa'i Mai Ra'ayin Riƙau

Sunansa na baftisma Raphael, amma tun shekarar da ya sauka Birnin Kebbi Kabawa suka gyara masa shi ya koma Rufa'i, bai kuwa taɓa musu a kai ba. A iya sanina wannan ne kaɗai sauyin da ya karɓa ba tare da ya ce a dakata a yi tunani ba.

Mutumin Shendam ne, can jihar Filato. Ya zo yana saurayi, tun Birnin Kebbi ba ta zama hedikwatar jiha ba, ya biyo wani kamfani da ya kawo injinan ban-ruwa fadama. Kamfanin ya tattara ya tafi, injinan suka zauna, shi ma ya zauna tare da su. Ya koma gida ya auro Cecilia, suka yi zaman haya, daga baya suka gina ɗakunansu a Badariya tun ana shuka gero a tsakiyar unguwar. Layinmu ɗaya da su. Rumfarsa tana bakin hanyar Ambursa, kuma duk mai noman rani daga nan har Zauro ya san gajeren mutumin nan mai tumbi da hular saƙi, wanda ke kara kunne jikin inji kamar likita kafin ya taɓa sifana.

Ɗan Katolika ne na gani-kashe-ni. Kullum da safe yana majami'a, a benci guda, a kusurwa guda. Da aka ce za a kawo kujerun roba, shi kaɗai ya tashi a taro ya ce a bari tukuna. Aka kawo kujerun, aka bar masa bencinsa a baya, yana zaune a kai kamar mai gadin tarihi. Da matasa suka kawo jita da ganguna na zamani ya ce a bari tukuna. Da aka ce za a sauya lokacin addu'ar Lahadi, nan ma haka. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, yana murmushi ma yake faɗa. In ka tambaye shi dalili sai ya ce abin da ka tarar yana aiki, ba ka san wahalar da aka sha kafin ya yi aiki ba, in kuwa ka kwance inji ka mayar ka ga noti ɗaya ya rage a ƙasa, kada ka ce masu ƙera shi ne suka yi ɓarna.

Siyasarsa ma daga majami'a ta fito. Ranar zaɓe yakan sa riga gogaggiya ya riga kowa zuwa layi. Yana girmama mai unguwa da hakimi da gwamna, yana yi musu addu'a har waɗanda bai zaɓa ba, domin a wurinsa mulki tsari ne na Allah, kuma gari marar shugaba ya fi gari mai mugun shugaba haɗari. Amma alkawarin ɗan siyasa bai taɓa shiga kunnensa ba. Duk wanda ya hau mota ya ce zai mayar da ƙasar nan aljanna, Baba Rufa'i yakan yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce tun ranar da Adamu ya saɓa, zuciyar ɗan Adam ta karkace, kowa da wannan karkata aka haife shi, alherin Allah kaɗai ke miƙe ta, shi ma a hankali. Saboda haka kada a tara wa mutum ɗaya iko, komai kyawun fuskarsa, kuma kada a rushe gida da majami'a da masallaci da ƙungiyar sana'a don a jira gwamnati ta riƙe kowa.

A kan wannan karkata ne suka yi shekara da shekaru suna gardama da amininsa Malam Hodi, manomin shinkafa a Zauro wanda ke karantar da manya bayan la'asar. Injin Malam Hodi ne ya haɗa su, injin ya mutu tuni, gardamar tana nan. Malam Hodi ya tsaya a kan cewa kowane jariri da tsarkinsa yake zuwa duniya.

"Rufa'i, wanga jinjiri da anka haiho jiya, mi yay yi? Wane zunubi gare shi?"

Baba Rufa'i yakan ce a ba jinjirin shekara biyu, a ajiye masa ƙosai ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa, sannan a dawo a ci gaba da magana. Sai su yi dariya, Malam Hodi ya ce wannan rowa ce ta yara ba gadon Annabi Adamu ba. Ba wanda ya taɓa ja da baya. Amma in zance ya zo kan kujera da masu hawanta, sai ka ji bakinsu ya zama ɗaya, har Malam Hodi yakan ce hanyar Rufa'i ta karkace amma inda ta kai shi daidai ne.

Autarsu Christabel ce ta jefa shi cikin farin cikin da ya kusa zautar da shi. Tana karatun kimiyyar siyasa a jami'a. Wata rana ta dawo hutu, suna cin tuwo a tsakar gida, yana ta bayanin abin da ya sa bai yarda da wani ɗan takara ba, sai ta ajiye cokali ta ce masa duk abin nan da yake faɗa an karantar da su shi a aji. Yana da suna. Ana ce masa ra'ayin riƙau, wasu su ce ra'ayin 'yan mazan jiya. Akwai manyan malamai da suka ƙare rayuwarsu a kansa, akwai jam'iyyu a ƙasashen duniya, har an yi musu jarrabawa a kai.

Baba Rufa'i ya tsaya da loma a hannu. Ya sa ta maimaita. Ya tambaya ko su ma sun ce a bari tukuna, ta ce kusan haka. Ya tambaya ko sun san zancen karkatar zuciya, ta ce da yawansu daga nan suka faro. Sai ya miƙe tsaye, bai wanke hannu ba, ya zagaya tsakar gidan yana dariya shi kaɗai.

"Maman Felix, kin ji? Shekara nawa kina ce mini taurin kai gare ni. Ashe ilimi ne. A jami'a ake koyar da shi."

Mama Cecilia, wadda yake kira da sunan ɗansu Felix, ta ce ita dai ba ta ga abin da ya hana abu ya zama ilimi kuma ya zama taurin kai ba.

Washegari ya hau babur har Zauro don kawai ya gaya wa Malam Hodi. A satin ya kira mai fenti ya ƙara layi a allon rumfarsa, ƙarƙashin inda aka rubuta mai gyaran injin ban-ruwa, aka sa MAI RA'AYIN RIƘAU da jan fenti. Manoma suka ɗauka wani sabon gyara ne. Wani daga Ambursa ya kawo injinsa ya ce a yi masa riƙau ɗin, don yana yawan sakin tiyo.

Christabel ta ga abin ya yi yawa, sai ta zaunar da shi ta gaya masa ɗaya gefen. Ta ce cikin masu wannan suna akwai waɗanda suka kare zalunci don kawai ya daɗe, suka ce wa talaka ya yi haƙuri da yunwa tunda haka aka tarar. Can ya ce ai su ma 'ya'yan Adamu ne, sunan bai miƙe musu zuciya ba. Bai goge allon ba, amma ta lura maganar ta zauna masa.

Sai aka janye tallafin man fetur. A fadama abin ya zo kamar gobara. Injin ban-ruwa fetur yake sha, shinkafar rani kuwa ba ta san uzuri ba. Manoma suka fara jingine injina, rumfar Baba Rufa'i ta yi tsit, ya koma gyaran injin markaɗe da janareto. A daidai lokacin farantan sola suka fara bayyana a gonaki, baƙaƙe, suna kallon sama, suna jan ruwa ba ƙara ba hayaƙi. Baba Rufa'i ya ce inji marar ƙara ba abin yarda ba ne, don ba ka san abin da yake ƙullawa ba.

Wanda ya fi kowa kafa su shi ne Taufiq, magidanci ɗan Argungu da ya koyi aiki a rumfar Baba Rufa'i shekarun baya, ya koma garinsu ya buɗe tasa. Masu gyaran injin ban-ruwa na Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan tsakani suna da ƙungiya ɗaya, shugabanta kuma ya tsufa ya ce ya gaji. Taufiq ya fito takara da zafinsa. Ya ce za a rushe majalisar dattawan ƙungiya don ba abin da take yi sai jan ƙafa. Koyon aiki da ake shekaru ana yi zai koma 'yan watanni. Shugaba zai riƙa yanke hukunci shi kaɗai don a yi sauri. Tsofaffin injinan fetur kuwa a sayar wa 'yan gwangwan a huta.

Dattawa suka tsorata. Suka yi ayari zuwa Badariya ranar wata Asabar, suka zauna a tabarmar Baba Rufa'i, suka ce shi suke so ya tsaya. Kusan dukkansu Musulmi ne, ba wanda ya ɗaga zancen addini, don duk wanda ke wurin ya taɓa aron kayan aikinsa ko ya ci abincin Mama Cecilia ranar Kirsimeti. Baba Rufa'i ya yi musu wa'azi mai tsawo a kan haɗarin kujera, da yadda take kumbura kan mutum, da yadda shi ya san zuciyarsa bai yarda da ita ba. Ya ce ba zai tsaya ba. Suka yi sallama jiki a sanyaye. Ba su kai bakin titi ba suka ji yana kiransu, ya biyo su da takalmi ƙafa ɗaya, yana cewa bai kamata a yanke magana da gaggawa ba.

Mama Cecilia ta ba mu labarin kwanakin da suka biyo baya. Ta ce mutumin da bai taɓa waƙa a banɗaki ba ya koma rera waƙa yana wanka har maƙwabta na ji. Ya kai shadda wurin tela. Ya tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai ɗaga hannu. Ta kama shi yana yi wa kaji jawabi a bayan gida. Da ta kira shi shugaba cikin zolaya, sai ya amsa, ya kuma tambaye ta ko ta ji yadda sunan ya zauna.

Shi kansa abin ya ba shi tsoro. Ya tafi wurin Fada Simeon, matashin limamin majami'arsu, ya durƙusa don furta zunubi. Abin da ake faɗa a wurin sirri ne, Fada bai taɓa buɗe baki a kai ba, amma Baba Rufa'i da kansa ya ba duk layinmu labari.

"Fada, ina son kujerar nan. Ba don aiki ba. Sonta kawai nake yi, kamar yadda yaro ke son alewa. Ni da nake gargaɗin mutane."

Fada Simeon ya ce masa son yi wa jama'a hidima ba zunubi ba ne, kuma wanda ya ga kwaɗayin kansa ya fi wanda bai gani ba aminci. Amma tunda ya zo neman magani za a ba shi. Ya je Argungu wurin abokin takararsa, ya saurare shi daga farko har ƙarshe, kada ya katse shi, kada ya ba shi amsa, ya yi godiya ya dawo. Baba Rufa'i ya roƙa a mayar masa da shi azumi. Fada ya ƙi.

Ya shiga motar Argungu ranar Talata. Taufiq ya gan shi a ƙofar shago ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya aika a sayo fura. Baba Rufa'i ya ce ya zo ji ne kawai, an hana shi magana. Taufiq bai gane ba da farko. Da ya ga da gaske ne, sai ya saki baki, ya faɗi duk abin da ke cikinsa tun yana yaron shago: yadda dattawa ke zama a kan magana har damina ta wuce, yadda matasa ke barin sana'ar suna komawa kabu-kabu. Baba Rufa'i yana zaune, wuyansa ya kumbura, yana danne amsoshi kamar mai riƙe tari a cikin majami'a.

Daga nan Taufiq ya goya shi a babur suka gangara fadama. Ya tsaya a bakin wata gona da shinkafarta ta yi ja, ƙasa ta tsattsage, ga injin fetur a gefe an rufe shi da buhu. Baba Rufa'i ya gane injin, shi ya taɓa sauya masa fistin.

"Baba, ku diba da idonku. Wagga gona ta Balaraba ta, mijinta ya rasu bara. Injin lahiya lau yake, mai na ba ta iya saye. Ga ta maƙwabcinta can."

Ta maƙwabcin kore shar, ruwa na gudu a kwalbati, farantai biyu na sheƙi a rana. Baba Rufa'i ya tsuguna ya ɗebi ƙasar gonar Balaraba ya murza. Ya ce daga baya, a nan ne shirun ya daina yi masa wuya, don ko an ba shi izini ba shi da abin cewa. Ya tuna maganar Christabel a kan masu ce wa talaka ya yi haƙuri. Ya yi wa Taufiq godiya kamar yadda aka umarce shi, ya hau mota ya dawo gida.

Muka ɗauka zai janye. Bai janye ba, sai ma ya ƙara kaimi. Ya bi rumfuna daga Birnin Kebbi har Argungu yana neman ƙuri'a da alkawarin da ba a taɓa jin irinsa ba, wai shi ba zai kawo wa kowa aljanna ba, kuma kada a yarda da shi fiye da kima. Matasa suka ga abin dariya ne, suka ɗauki kalmarsa suka mayar da ita take. In ya wuce a babur sai ka ji ana kiran a bari tukuna, shi kuwa yana ɗaga hannu irin yadda ya gwada a madubi.

Ranar zaɓe aka taru a Argungu, a wani fili mai itatuwan darbejiya kusa da gulbi. Mama Cecilia ta cika mota da matan zumunta na majami'a, da anko da tulunan kiɗa da kacau-kacau, ko da yake ba mai ƙuri'a a cikinsu. Malam Hodi ya zo da babbar riga da lema. Baba Rufa'i ya fito cikin sabuwar shadda mai tauri, tana ƙara in ya motsa.

Taufiq ya yi jawabi mai kyau, aka tafa masa sosai. Da aka zo kan Baba Rufa'i, ya hau benci don a gan shi, ya ce shi da Malam Hodi ba su taɓa daidaitawa a kan ranar da zuciyar mutum ke fara karkacewa ba, amma duk wanda ke filin nan ya san tana karkacewa, tasa ma a karkace take, Fada shaida ne. Aka fashe da dariya. Ya ce ya je gonar Balaraba ya gani, Taufiq ya fi shi gaskiya a kan sola.

"Ni na ɗauka inji nake tsarewa. Ashe ba inji ba ne. Gonar ce, da mai gonar, da wannan zama namu da muka gada. In sola ce za ta riƙe su, a kawo sola. Amma kada mu kori dattawa don mu yi sauri, kuma kada ku ba mutum ɗaya wuƙa da nama, ko da ni ne. Musamman ma ni."

Aka ce kowa ya bi bayan wanda yake so. Layuka biyu suka miƙe, ana ja ana tura. Aka tsamo Malam Hodi daga layin Baba Rufa'i, ya ɓoye a bayan wani dogo, aka tuna masa shi manomi ne ba makaniki ba. Ya ce shi da ya yi shekaru yana kawo inji gyara ya fi wasu masu gyaran sanin cikinsa. Aka zaunar da shi a inuwa yana ta mita. Layin Baba Rufa'i ya fi tsawo, ba da yawa ba, amma ya fi.

Matan zumunta suka saki guɗa, tuluna suka ɗauka. Matasa, har da na layin Taufiq, suka yi kansa za su ɗaga shi. Ya ce kada su kuskura, mutum ƙasa ne, a ƙasa ya kamata ya tsaya. Suka ɗaga shi. Daga can sama muka ji yana cewa a sauke shi, a sauke shi, can kuma muka ji ya ce a bi ta wajen masu kifi su ma su gani. Hularsa ta faɗi, wani ya tsinta ya sa. Mama Cecilia ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Zamansa na farko a kujera ya ƙare ne wajen rage wa kujerar ƙarfi. Majalisar dattawa ta zauna daram, aka ƙara mata matasa. Shugaba ba zai yanke komai ba sai majalisa ta yarda, kuma wa'adi ɗaya zai yi, ba ƙari. Koyon aiki ya tsaya a shekarunsa, sai dai yanzu dole yaro ya iya fetur ya iya sola. Taufiq aka naɗa ya koyar da aikin sola, kuma wanda ya fara zama a gabansa a tabarma shi ne shugaba da kansa, da tabarau a kan hanci. Ya haɗa waya a juye har sau ba adadi. Ranar da famfon da ya haɗa da hannunsa ya fara tofo ruwa, ya yi rawa a cikin taɓo, sannan ya kara kunne jikin abin ya ce har yanzu shirunsa bai kwanta masa ba. Wannan famfon gonar Balaraba aka kai shi, 'yan ƙungiya suka haɗa hannu, ta riƙa biya da shinkafa in ta girbe.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Majalisar ta ja ƙafa kamar yadda Taufiq ya faɗa, wata dama ta samun farantai da sauƙi ta wuce su ana cikin muhawara, Taufiq ya yi wata guda ba ya gaishe shi da fara'a. Wasu tsofaffi biyu suka kasa koyon sabon aikin, idonsu ba ya ganin ƙananan wayoyi, ɗaya ya rufe rumfa ya koma ƙauye. Baba Rufa'i ya bi shi har gida ya kasa dawo da shi. Wannan ya dame shi ƙwarai, ya sa sunansa a addu'ar safe.

Da wa'adinsa ya zo ƙarewa, dattawa suka sake yin ayari zuwa Badariya. Suka ce doka mutane suka yi ta, mutane za su iya gyara ta, ya ƙara ko shekara ɗaya. Mama Cecilia ta ce ta ga idonsa ya yi haske, ta ga yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin takalmi. Ya ce su ba shi kwana biyu. A kwanakin nan ya kasa cin abinci, ya riƙa zagaye gida yana kawo wa kansa hujjoji, wai aiki bai kammala ba, wai matasa ba su nuna ba tukuna. Daga ƙarshe ya tambayi Mama Cecilia ra'ayinta. Ta ce duk hujjojin nan ta sha jin su a rediyo daga bakin mutanen da yake yi wa dariya.

Ya kwanta ya juya wa bango fuska. Da la'asar ya tashi ya ci tuwo kwano biyu, ya aika wa dattawa cewa ba zai ƙara ko yini ɗaya ba.

Taufiq ne ya gaje shi. Aka yi bikin miƙa mulki a Argungu, Baba Rufa'i ya yi jawabi gajere. Da aka watse, masunta abokan Taufiq suka kawo masa giwan ruwa kyauta, kifi ƙato wanda sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Direban motar haya ya ce ba zai shiga but ba, akwai kayan mutane. Sai Baba Rufa'i ya biya wa kifin kujera. Suka zauna a baya su uku, shi da Mama Cecilia da giwan ruwa a tsakiya an naɗe shi da buhu, wutsiyarsa a cinyarta, kansa a kafaɗar tsohon shugaba. A Zauro ya sa direba ya tsaya, aka nemo wuƙa, aka yanke wa Malam Hodi rabonsa a bakin titi, fasinjoji suna ta ba da shawarar inda ya fi mai.

Sauran ya ishi layinmu duka. Mama Cecilia ta yi farfesu a babbar tukunyar biki, aka fito da tabarmi ƙofar gida, yara suna yawo da kwanuka. Baba Rufa'i ya zauna da singileti yana tsotsar ƙaya, yana ba duk wanda ya zo labarin yadda kifin ya yi ta kallonsa tun daga Argungu. Litinin da safe ya dawo daga majami'a ya buɗe rumfa. Wata mata tana jiransa da injin markaɗe a baro, ta ce tun jiya yake tari.